Raɗar da Wayoyi Ke Yi wa Juna, da Mai Laɓe a Tsakani

Maganarmu ta wannan mako a kan wata 'yar rediyo ce wadda kusan kowa yake yawo da ita a aljihu, amma kaɗan ne suka san cewa rediyo ce. Ina nufin abin nan da ake kira Bluetooth, tare da 'yan'uwansa waɗanda ke haɗa na'ura da na'ura ba tare da igiya ba, muddin dai suna kusa da juna. Na zaɓi in ɗauki misali daga Gitata, garin nan da ke arewa da Keffi cikin Jihar Nasarawa, domin abin da ke faruwa a can shi ne ke faruwa a dubban garuruwanmu masu matsakaicin girma, inda mai na'urar POS ya fi reshen banki kusa da jama'a.

Duk wanda ya zauna ɗan lokaci a bakin hanya a gari irin wannan, ya kuma sa ido, zai ga raɗar da nake faɗi. Ɗan acaɓa ya maƙala abin saurare a kunne yana amsa kira hannunsa na kan babur. Mai shayi ya haɗa wayarsa da sifika tana zuba wa'azi ko waƙa. Direban motar haya ya haɗa tasa da rediyon mota. A rumfar mai cajin waya samari sun haɗa kai, wannan yana tura wa wancan fim ko karatun wani malami, don kuɗin data ya yi tsada, turawa hannu da hannu kuwa kyauta ce. Wasunsu da Bluetooth suke yi, wasu da manhajoji irin su Xender, waɗanda ke buɗe ɗan ƙaramin Wi-Fi tsakanin wayoyin biyu. Can gefe kuma ga mai POS, wanda a wasu lokuta 'yar na'urar da ke karanta katinsa ta Bluetooth take magana da wayarsa. Cikin fili ɗaya wanda bai fi farfajiyar masallaci ba, sai ka tarar da na'urori masu yawa suna ta zance, babu kunnen da ke ji.

Abin da ya sa hankalin jama'a ya kwanta da wannan al'amari shi ne zaton da ake yi cewa tun da abin ba ya wuce taku goma sha wani abu, to ai babu mai ji sai wanda ke zaune kusa, wanda ke zaune kusa kuwa an san shi, an san gidansu. Wannan zato shi nake so mu duba, domin a ganina a kansa ne yawancin sakacinmu ya ginu.

Bari mu fara da asalin abin. Cikin 1994 ne injiniyoyin kamfanin Ericsson a garin Lund na ƙasar Suwidin suka tsunduma cikin aikinsa, babba daga cikinsu kuwa wani mutumin Holan ne mai suna Jaap Haartsen. Cikin 1998 kamfanoni biyar, watau Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojinsa. Sunan kuwa laƙabin wani sarkin Danmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Dattawanmu da suka saba kama Rediyon Kaduna a kan mita 49 za su gane bambancin in aka ce musu zangon wannan 'yar rediyo bai wuce santimita 12 da ɗoriya ba, ƙarfin wutar da yawancin wayoyi ke watsa shi da ita kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, abin da zai kai saƙo kamar mita 10. Har ila yau ba ta tsayawa a tasha ɗaya. Tana da tashoshi 79, tana tsalle daga wannan zuwa waccan sau 1,600 cikin daƙiƙa guda. Wasu na ɗauka wannan tsalle-tsalle shi ne tsaronta, alhali kuwa an yi shi ne don kauce wa cunkoson sauran na'urori masu amfani da zangon. Mai kayan aiki yana iya bin sawunta.

Mu a ƙasar Hausa ba sai an ba mu labarin ƙarfin wannan abu ba. Cikin 2007 wani majigin sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya fita daga hannun masu shi a Kano, ya riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a lokacin da intanet bai wadata a hannun talaka ba. Kafin a ankara ya karaɗe Arewa. Abin da ya biyo baya sananne ne: Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, sana'ar dubban mutane ta tsaya, rayuwar wasu kuma ta dagule. Lalle wannan ba fashin igiyar rediyo ba ne, hannun mutane ne ya yi ta miƙawa. Amma ya nuna mana lissafin da muke mantawa da shi, cewa taku goma in aka ɗora a kan taku goma, aka sake ɗorawa, sai ya kai Sakkwato. Hanyar nan ce kuma ta ɗaukaka wasu. Mawaƙin nan na Nijar, Mdou Moctar, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko cikin 2008, kuma ta wayoyi da katin memori suka ratsa hamada kafin wani kamfani ya san da shi.

Shi kansa takun goman ma ba iyaka ba ce ga mai son saurare. Iyakar wayarka ce kawai, don eriyarta ƙarama ce. Cikin 2004 waɗansu samari masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka ɗaura doguwar eriya a kan wani abu mai kama da bindiga, suka kwashe lambobin da ke cikin wata wayar Nokia daga nisan da ya wuce mil guda. A shekarar nan ce kuma aka ga ƙwayar cutar waya ta farko, mai suna Cabir, wadda ke neman duk wata wayar Nokia mai tsarin Symbian da ke kusa, ta aika mata da kanta. Ba ta iya shiga sai mai wayar ya amince, amma sai ta yi ta naci har mutum ya gaji ya danna. Cikin 2005, a gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Helsinki, ta bazu a cikin filin wasa saboda taron jama'a. Filin wasa da kasuwar ƙauye ranar cinta, ai duk ɗaya ne a wajen irin wannan cuta.

To, ina tsaron yake? Yana wurin gaisuwar farko, lokacin da na'urori biyu suke ƙulla sanayya. A wannan lokaci ne suke yarda da wani mabuɗin asiri, watau wata doguwar lamba wadda da ita za su riƙa kulle duk abin da suke faɗa wa juna daga baya. In an sace mabuɗin a ranar gaisuwa, an gama da kai.

A tsarin farko, mabuɗin daga lambar sirrin da mutum ya danna ake gina shi. Waɗanda suka riƙe waya a shekarun da GSM ya shigo mana, daga 2001 zuwa gaba, za su tuna lambar: 0000, in an matsa 1234. Kamfanoni ne da kansu suke sa ta, a kan kowane abin saurare iri ɗaya. Cikin 2005 waɗansu masana biyu na Jami'ar Tel Aviv, Yaniv Shaked da Avishai Wool, suka nuna cewa wanda ya naɗi gaisuwar zai iya gano lamba mai alƙaluma huɗu cikin ƙasa da daƙiƙa guda da kwamfutar gida. Suka kuma nuna dabarar da za a rikita na'urorin su manta da juna, don a tilasta musu sake gaisawa a gaban mai laɓe.

Gyaran ya zo cikin 2007, kuma ya dogara ne a kan wata hikimar lissafi da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka bayyana tun 1976. Hikimar tana da daɗin ji. Kowace na'ura takan zaɓi lambarta ta ɓoye, ta cuɗa ta da wata lambar da kowa ya sani, ta aika da abin da ya fito a fili. Cuɗawar tana da sauƙi, warwarewar ce ta gagara, kamar wanda ya niƙa gero da dawa wuri ɗaya aka ce ya rarrabe garin. Kowace sai ta ƙara lambarta ta ɓoye a kan abin da ta karɓa, sai su biyun su isa ga mabuɗi guda, mai saurare kuwa ya tashi a tutar babu ko da ya ji kome da kome.

Amma fa akwai ɓaraka, kuma duk wanda ya taɓa shiga kara sayen dabba ya san irinta. Dillalin da ba ya tsoron Allah yakan tsaya tsakanin mai saniya da mai saye, ya hana su haɗa ido. Ya je wa wannan da farashi ɗaya, ya je wa wancan da wani, kowa yana zaton da ɗan'uwansa yake ciniki alhali da dillali yake yi. Haka na'urar ɓarawo take yi. Ta gaisa da wayarka a matsayin sifika, ta gaisa da sifika a matsayin wayarka, ta riƙe mabuɗi biyu, duk abin da ya wuce ta hannunta zai bi. Lissafin Diffie da Hellman yana hana saurare, amma ba ya gaya maka da wa kake magana. Maganin dillali shi ne mai saye da mai sayarwa su dubi juna su faɗi kuɗin da baki. Wannan shi ne amfanin alƙaluma 6 ɗin nan da ke fitowa a fuskar wayoyi biyu lokacin haɗawa, ana tambaya ko sun yi daidai. In akwai na uku a tsakani, lambobin za su saɓa, sai fa in ya yi sa'ar da ba ta wuce ɗaya cikin miliyan ba. Sau nawa mai karatu ya tsaya ya duba su? Yawancinmu dannawa muke yi kamar mai korar ƙuda. Abin saurare da sifika kuwa ba su da fuskar da za su nuna lamba, saboda haka sai aka yi musu rangwame, suna haɗuwa babu wannan shaida sam.

Ko da mutum ya kiyaye, akwai laifin da ba nasa ba. Cikin 2019 masana uku, Daniele Antonioli da Nils Ole Tippenhauer da Kasper Rasmussen, suka tono wani rauni a cikin ita kanta ƙa'idar, suka sa masa suna KNOB. Ashe na'urori biyu sukan yi ciniki a kan tsawon mabuɗin da za su yi aiki da shi, kuma cinikin a fili ake yinsa. Sai mai laɓe ya sa baki, ya sa kowace ta ɗauka ɗayar ce ba ta iya dogon mabuɗi ba, har a sauko zuwa mafi gajarta, wanda iri 256 ne kacal, abin da kwamfuta za ta gwada duka kafin ƙiftawar ido. Wanda ya fi wannan muni shi ne na watan Satumba 2017, lokacin da kamfanin Armis ya bayyana raunukan da ya kira BlueBorne. A nan ba a bukatar gaisuwa, ba a bukatar mai waya ya danna kome. Ya isa kawai a ce Bluetooth ɗinsa a kunne yake. Kamfanin ya ƙiyasta na'urorin da abin ya shafa sun wuce biliyan 5. Google da Microsoft sun fitar da gyara a shekarar, amma bayan shekara guda Armis ya ce fiye da biliyan 2 suna nan ba a gyara su ba.

A wannan wuri ne maganar ta dawo Gitata. Gyaran irin wannan rauni ta iska yake zuwa, a cikin sabuntawar da kamfanin waya ke aikowa. Mai tsadaddiyar waya a Abuja yana samunsa shekara da shekaru. Manomi ko ɗan tireda a Gitata kuwa wayar da ƙarfinsa ya kai ita ya saya, sau da yawa ta hannu ce, wadda masu ƙera ta suka daɗe da juya mata baya. In ma gyaran ya zo, yana cin data mai yawa, sai a danna “sai an jima” har abada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon talaka kuwa babu mai zuwa yaɓe. A cikin wannan tsagaggen bango ne kuma aka ce ya ajiye dukiyarsa.

Na ce aka ce, domin ba shi ya zaɓa ba. Ran 26 ga watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Abin da jama'a suka gani a watannin Janairu da Fabrairu na 2023 ba ya bukatar tuni. Takardar kuɗi ta ɓace, mai doya da mai goro da mai nono duk suka koma karɓar taransifa ko suna so ko ba sa so, mai POS ya zama sarki. Tun daga lokacin wayar da ake tura fim da ita a rumfar caji, ita ce dai wayar da asusun banki yake ciki.

Gaskiya ɗaya ce, kuma tilas in faɗe ta: yawancin cutar da ake yi wa mutanenmu a wajen POS ba ta igiyar rediyo ake yinta ba. Leƙen lambar sirri ne, da musanya kati, da alat na ƙarya, da miƙa kati tare da faɗin lamba da baki don mutum bai iya dannawa ba. Ɓarawo ba ya haura katanga in ƙofa a buɗe take. Amma ranar da aka rufe ƙofar, katangar zai duba, kuma an riga an auna masa tsayinta. Cikin 2018 masu bincike na kamfanin Positive Technologies suka gwada ƙananan na'urorin karanta kati da ake amfani da su a Turai da Amurka, masu haɗuwa da waya ta Bluetooth, suka nuna cewa mugun ɗan kasuwa yana iya sauya abin da fuskar na'urar ke nuna wa mai saye, har a wasu lokuta a cire kuɗin da ya fi wanda aka nuna masa.

Ga kuma sabon salo yana tafe, na katin da ba a zura shi, ɗora shi kawai ake yi a jikin na'ura. Wannan da wata rediyon yake aiki mai suna NFC, wadda zangonta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Cikin watan Yuni 2023 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinsa, ya ƙayyade naira 15,000 a ciniki guda da naira 50,000 a yini ba tare da ƙarin shaida ba. Bankin ya yi daidai da ya sa iyaka, don shi ma faɗin tafin hannun ana iya miƙe shi. Ɓarayi biyu ake bukata, ɗaya ya raɓi aljihunka cikin cunkoso, ɗaya ya tsaya wajen na'urar biya a wani wuri, wayoyinsu suna miƙa zancen a tsakani, kati da na'ura kowa yana zaton ɗan'uwansa na gabansa. Cikin 2021 masana na jami'o'in Birmingham da Surrey a Ingila suka cire fam 1,000 ta wannan hanya daga wata iPhone da ke kulle, wadda aka sa wa katin Visa a tsarin biyan kuɗin jirgi. Cikin 2022 kamfanin NCC Group na Birtaniya ya buɗe motar Tesla ya tashe ta da irin dabarar ta Bluetooth, wayar mai motar tana can wani wuri. Naira 15,000 ba kome ba ce ga wanda ya rubuta ƙa'idar, amma ga matar da ta kawo gyaɗa kasuwa jarinta ke nan.

Abin da mutum zai yi wa kansa ba shi da yawa, ba shi kuma da wuya. In ba ka amfani da Bluetooth, kashe shi, musamman a kasuwa da tasha. Batirinka ma zai gode maka. Sabon abin saurare ko sifika, a gida za ka haɗa shi da wayarka, kada ka yi a tsakiyar taro. In na'urar da kuka daɗe da sanin juna ta tashi haka kawai ta ce a sake haɗawa, ka yi shakka. Ka riƙa buɗe jerin na'urorin da wayarka ta sani kana goge waɗanda ba ka gane ba, balle in wayar ta kwana wajen mai gyara ko mai caji, ko ka hau motar haya ka haɗa da rediyonta ta nemi izinin kwashe lambobin mutanenka. Fim da waƙa in an turo maka da sauƙi, amma manhaja da aka turo hannu da hannu, wadda ke neman a girka ta, ita ce babbar ƙofar ɓarna, ko da amininka ne ya turo, domin shi ma bai san abin da ke cikinta ba. Mai POS kuwa, in da hali, ya ware wayar sana'a daban da wadda yara ke kallon fim da ita.

Sauran nauyin yana kan hukuma. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce ke da ikon tantance kowace irin waya kafin a sayar da ita a Nijeriya. Ina ganin lokaci ya yi da za ta ƙara tambaya ɗaya a cikin tantancewar: shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko da gyara? Wasu ƙasashe sun riga sun yi. Daga ran 29 ga watan Afrilu 2024 dokar Birtaniya ta hana sayar da na'urori masu lambar sirri iri ɗaya ga kowa, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai kula da kayansa. Tarayyar Turai kuma daga watan Yuni 2025 ta wajabta a ci gaba da sabunta waya har shekara 5 bayan an daina sayar da irinta. Na san za a ce wannan zai ƙara wa waya tsada, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To, amma mai rariya yana ganin hujojin da idonsa kafin ya biya. Mai sayen waya a Keffi ba ya gani. Ko ba a tilasta shekara 5 ba, a tilasta rubuta ranar da gyaran zai ƙare a jikin kwali, da Hausa da Turanci, mai saye ya zaɓa da saninsa. Bankuna da kamfanonin da ke raba na'urorin POS su ma ya kamata su koya wa wakilansu wannan al'amari da harshen da suke ji, su kuma bai wa mai kati damar kashe biyan ɗorawa in ba ya so. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa nan a Keffi da ɗalibanta masu karatun kwamfuta. Yini guda a kasuwar Gitata suna duba wa mutane wayoyi zai koya musu abin da allo bai koya musu ba.

Kafin hukuma ta motsa, mai karatu da ke riƙe da wayar Android yana iya dubawa da kansa yau ɗin nan. Ya shiga wajen saituna, ya gangara ƙasa zuwa inda aka rubuta bayanin wayar, ya nemi layin da ke nuna ranar gyaran tsaro na ƙarshe. In ranar ta gabaci watan Satumba 2017, to BlueBorne yana da hanyar shiga wannan waya. In ta gabaci watan Agusta 2019, KNOB ma haka.